Gargaɗi: matar da ke tallan madarar ajiya a Daura ta cuce ni naira 186,000

Naira 186,000. Na rubuta ne ku gani da idonku, don ni kaina har yanzu in na faɗa sai in ji kamar a bakin wata nake jin labarin. Kwasar adashina ce ta wata shida, na ɗauka na tura wa matar da ban taɓa sanin ƙofar gidanta ba.

Kafin wani ya ce mini kwaɗayin araha ne, ku tsaya ku ji. Duk wanda yake Daura a watan Afrilun 2020 da aka kulle gari saboda korona ya san abin da aka sha. Ina da yara huɗu ga surukata tsohuwa, ba ta iya cin komai da safe sai kunu da madara. Ranar da madara ta yanke mana a kullen nan ban manta ba. Tun lokacin nake ajiye shinkafa, sukari, man gyaɗa da madara, ko don ɓacin rana. Shekara nawa ina yi ba a taɓa cutata ba. Ni fa ba yarinya ba ce.

A wani zauren WhatsApp na mata na ganta. Madarar gari buhu mai kilo 25, da madarar ruwa ta kwali, irin wadda ba ta buƙatar firji sai an buɗe. Ita ce ma ta ja ni, don da wutar da muke samu wa zai dogara da firji? Ta ce, "Hajiya, wallahi kayan Kano ne, jiya aka sauke, in kin ga algus ki dawo mini da shi." Hajiya. Wallahi. Kalmomin nan biyu su nake ta juyawa cikin dare. Har ɗanɗano ta aiko mini a ƙaramar leda, na dama, na sha, na ba Inna ta sha ta ce madara ce mai kyau. To me kuma zan yi? Na ɗanɗana fa! Na tambaye ta ranar lalacewa, ta turo hoto. Sannan na tura 186,000.

A'a, na manta, 100,000 na fara turawa, wai kafin alƙalami. Sauran 86,000 sai da ɗan acaɓa ya sauke kaya a ƙofar gida. Na buɗe bakin buhun na ɗebi na sama, lafiya lau. Shi ya sa na cika mata.

Sai bayan mako uku, da na zo juyewa cikin bokitai masu murfi. Kullum haka nake yi, don madarar gari mai maiƙo ba ta jure zafinmu na bazara, in iska da zafi suka same ta sai ta canza wari, in damina ta shigo kuma ta dunƙule. Ina wuce kamar tiya biyu daga sama sai na ga launi ya sauya, fari fat, yana ƙara a tsakanin yatsu. Na dama da ruwan sanyi ya kwanta a ƙasan kofi. Na ɗora a wuta ya yi kauri kamar koko. 'Yar maƙwabciyata da ke karatun jinya ta ɗiga aidin, ruwan maganin nan da ake shafa wa ciwo, a kai, nan take ya koma shuɗi baƙi-baƙi. Ta ce, "Mama, sitaci ne ko fulawa." Yarinyar da na goya ce take nuna mini an yi mini wayo. Kunya kamar in nutse.

Kwalayen kuwa tun kafin nan ɗaya ya kumbura, na ce ko zafin sito ne. Ashe wata takarda aka manna a kan kwanan watan. Da na kankare da farce, wata biyar da wucewa. Na buɗe uku, duk sun yi guda-guda, ga tsami. Katan biyu.

Na kira ta. A'a, saƙo na fara turawa, ta karanta, ta yi shiru. Da na kira ta ce tana gidan rasuwa. Washegari ta toshe lambata, ta fice daga zauren. Ɗan acaɓar ya ce a bakin tasha aka ba shi kayan, bai san ta ba.

Hotunan hirarmu, shaidar tura kuɗi da bidiyon aidin ɗin duk suna wayata, zan saka su in na rufe sunayen mutane. Wata ma ta yi mini magana, ita rabin buhu aka yi mata.

Kada ku sayi buhun da aka sake ɗinkewa, ku duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ku zura hannu har ƙasa, ku kankare kwanan wata.

186,000. Maigida har yau bai sani ba, yana ganin bokitai jere a sito yana cewa na yi dabara. Ban yafe ba, Allah ya isa tsakanina da ke.