Tiyon ɗiga na Techline CV: kaya ne mai kyau, amma ba na ban ruwan kullum ba

A ƙasashen da ke gaɓar Bahar Rum, da Kalifoniya, da tsakiyar Cile, da kudu maso yammacin Ostireliya, ruwan sama da sanyi yake zuwa. Idan zafi ya shigo, sai a yi wata uku ko huɗu babu ko yayyafi. Masu tsara lambu a irin wannan yanayi sun daɗe da komawa ga tiyo mai ɗiga ruwa a ƙasa, kuma Techline CV na kamfanin Netafim, wanda aka kafa a Isra'ila a 1965, yana cikin waɗanda suka yi suna.

Tiyon roba ne mai launin ƙasa-ƙasa, kaurinsa milimita 17, an dasa masa maɗigai, wato ƙananan mafitar da ruwa ke ɗigowa, ta ciki tun daga masana'anta a tazarar santimita 30, 45 ko 60. Akwai mai fitar da kusan lita 1 a awa, akwai na 1.6, da 2.3, da 3.5. Ya fi tiyon da ake hudawa da hannu ta fuska biyu. Muddin ƙarfin ruwa yana tsakanin bar 1 da bar 4 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin turawar ruwa), maɗigin farko da na ƙarshe kusan daidai suke zuba, ko layin ya yi tsawo. Sannan kowane maɗigi yana rufe kansa da zarar an kashe ruwa, yana riƙe tsayin ruwa na kusan mita 1.4. A lambun da ke kan gangare wannan ba ƙaramin abu ba ne, don da tiyon gama-gari duk ruwan da ya rage a layi yakan tsiyaye a gindin tsiron da ke can ƙasa, ya yi ta jiƙewa har ya ruɓe, na sama kuwa yana kukan ƙishi.

Haɗa shi babu wuya, in dai ba a yi ƙwauron kayan gaba ba. Bayan bawul, wato makunnin ruwa, sai matata mai lamba 120 (lambar ƙanƙantar ramukan ragarta), sai abin rage ƙarfin ruwa, sai babban layi, sannan a ja tiyon jere-jere a danne shi da maƙalin ƙarfe kusan kowace mita ɗaya. A ƙarshen layi a bar wurin buɗewa don wanke datti. A shanya naɗin a rana kafin a fara, robar za ta yi laushi ta daina murɗewa. Mahaɗansa cusawa kawai ake yi, ba a sa musu gam. Wanda ya tsallake matata, yashi da tsatsa za su toshe masa maɗigai, kuma da yake ana rufe tiyon da tsakuwa ba zai sani ba sai ganye ya fara yaushi.

Inda aka fi yin kuskure shi ne lissafin lokaci. A raba litar da maɗigi ke fitarwa da faɗin wurin da yake shayarwa. Maɗigi mai lita 1.6, tazara santimita 45 tsakanin maɗigai da 45 tsakanin layuka, yana ba da kusan milimita 8 a awa, kamar yadda ake auna ruwan sama. Ke nan idan ana son milimita 25 su ratsa ƙasa, sai an bar shi ya yi awa uku. Minti goma sha biyar kullum da safe, wanda shi ne abin da mutane suka fi saita agogon ban ruwa a kai, ruwan milimita 2 ne kacal: saman ƙasa ya jiƙe, saiwa ta ƙi nitsawa, ciyawa ta samu yadda take so. A ƙasa mai laka a zaɓi maɗigi mai fitar da kaɗan a kuma raba lokacin ban ruwan kashi biyu da hutu a tsakani, don laka ba ta shan ruwa da sauri. A jigawa kuwa ruwa miƙewa yake yi ƙasa ba ya bazuwa gefe, sai a matso da layuka zuwa santimita 30.

Tiyon bai san wane tsiro yake shayarwa ba, kowa ruwa ɗaya yake ba shi. Don haka tsarin lambun ne zai yi wannan aikin. Lemo da furanni masu yawan ƙishi su zauna kan bawul ɗinsu, zaitun da rosmari da labanda (tsirrai biyu masu ƙamshi) kan nasu. Waɗannan na biyun sun saba da busasshiyar ƙasa a lokacin zafi, kuma danshi da ɗumi a gindinsu shi ke kawo cutar ruɓewar saiwa. Labanda da ta bushe rabi guda a tsakiyar zafi, a tona gindinta: sau da yawa za a tarar da ƙasa sharkaf da baƙar saiwa mai saɓulewa a yatsa. A nisanta maɗigi da kara kamar tsawon tafin hannu biyu, a riƙa ja da layin baya yayin da tsiro ke girma. Idan an yi dashe a farkon saukar ruwa, bayan shekara biyu ko uku yawancinsu ban ruwa ɗaya mai zurfi a wata ya ishe su.

Akwai abin da tiyon ba ya iyawa. Sabon dashe yana zuwa da curin ƙasar tukunya wanda ke bushewa ko da ƙasar gefensa tana da laima, dole a bi shi da ruwan hannu a makonnin farko. Gishirin da ke cikin ruwa yakan taru a gefen inda ya jiƙe, har a ga farin zobe a ƙasa. Yayyafin farko na iya tura shi cikin saiwa, shi ya sa ake kunna tiyon a ranar ko da ana ruwa. Ɓeraye na huda shi don neman sha, shebur ma na yanka shi. A ajiye mahaɗai biyar ko shida a gefe, a rufe layin da tsakuwa mai kaurin santimita 5 zuwa 8, kuma kafin a rufe a ɗauki hoton inda kowane layi ya bi.