Fas ko Marakish: amsa ga ƙanenmu da ke karatu a Rabat

Ƙanena, ka ce kwana uku gare ka na bakansi, kuɗin bursu kuma ba su kai ka ga garuruwan biyu ba, wanne za ka zaɓa? Na taka su duka lokacin da nake ɗalibi a Maroko, kafin in dawo Maraɗi. Ni dai Fas zan ce.

Marakish garin kallo ne. Sarakunan daular Murabiɗun suka kafa shi wajen 1070, hasumiyar masallacin Kutubiyya mai tsawon mita 77 tana hango ka ko'ina ka bi. Da magariba dandalin Jami'ul Fana yakan cika da makaɗa, masu tatsuniya, gardawa da macizansu, ga hayaƙin gashi. Amma kana ɗaga waya don hoto, gardi ya miƙo hannu. Kome na can an sa masa farashin baƙo, aljihun ɗalibi kuwa ba ya jure haka. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kangon fadar Badi ta Sarki Ahmad al-Mansur, wanda ya tura rundunar da ta karya Songhai a Tondibi a 1591. Garin ne kuma aka kai babban malamin nan Ahmad Baba na Tumbutu a tsare. Tarihin yankinmu ne, sai dai mai ɗaci.

Fas kuwa shiga cikinsa ake yi, ba tsayawa kallo ba. Daga Rabat kusan awa uku ne a jirgin ƙasa, ya fi Marakish kusa. Ka bi ta ƙofar Bab Bujlud, daga nan babu mota, sai lunguna da alfadarai. In ka ji an ce "balak", manne da bango. Za ka ɓace, kowa ma yana ɓacewa. Kada ka bi yaran da ke cewa hanya a rufe take, tambayi mai shago.

Can ne Ƙarawiyyin take, masallaci kuma tsohuwar jami'a, wadda Fatima al-Fihri ta gina a 859, kuma kai da kake Musulmi sai ka shiga ka yi salla. Ba nisa akwai zawiyar Shehu Ahmad Tijjani, wanda ya rasu a 1815. Ko ba ka yin wazifa ka leƙa, don a nan za ka haɗu da masu ziyara daga Senegal da Nijeriya, wani lokaci har Hausa za ka ji a bakin ƙofa.

Sai majemar Shuwara. Za su ba ka ganyen na'ana'a ka toshe hanci. Mu da muka san warin jima a gida dariya abin ya ba ni. Su da kashin tantabara suke laushin fata, namu majeman kuwa an san su da bagaruwa. Na daɗe tsaye a saman bene ina kallon ramukan rini, ina tuna jar akuyar Maraɗi, irin wadda fatake suka riƙa ƙetare Sahara da fatarta har Turawa suka sa mata sunan fatar Maroko.

In an miƙo maka jaka, taya rabin kuɗin da aka faɗa, ka yi kamar za ka tafi. Kuma ka sayo wa Inna takalman fata masu tsini, waɗanda suke kira balga. Ka tambayi lambar ƙafarta tun kafin ka tashi, ni na yi kuskuren nan.