Na'urar auna koren ganye a gonar auduga: abin da na gani

Wannan na'ura da ake kira SPAD ba ta wuce cikin tafin hannu ba, batir biyu ƙanana take ci, kuma tana da baki kamar na awartaki. Ka sa ganye a tsakani ka matse, kafin ka ƙifta ido lamba ta fito. Haske iri biyu take harbawa ta cikin ganyen, ja mai nanomita 650 (ma'aunin tsawon zangon haske) wanda kulorofil, sinadarin da ke sa ganye kore, ke shanyewa, da wani mai nanomita 940 da ido ba ya gani, wanda ke ratsawa kusan salin-alin. Bambancin biyun ne lambar. Da yake akasarin naitirojin da ke cikin ganye yana tare da kayan aikin kulorofil, idan kore ya ragu, galibi taki ne ya yi ƙaranci.

Na yi damina guda da ita, kuma ga gaskiyar magana: lambar ita kaɗai ba ta gaya maka komai. Ka ga 42, to sai me? Irin auduga ya bambanta, kaurin ganye ya bambanta, shekarun ganyen ma haka. Ta fara yi mini amfani ne da na ware wasu kunyoyi na ƙosar da su da taki, suka zama ma'auni. Sai in auna can, in auna sauran gona, in kwatanta. Idan sauran gonar ta faɗi ƙasa da kashi 95 cikin ɗari na ma'aunin, lokacin ƙara yuriya ya yi.

Wane ganye za ka kama, nan aikin yake. Daga kan tsiro kake ƙirgowa ƙasa zuwa ganye na huɗu ko na biyar a jikin kara, wanda ya gama buɗewa. Wurin da na'urar ke karantawa ɗan mitsitsi ne, milimita 2 da 3, don haka idan ka matse kan jijiya lambar za ta yi tsalle. Tana riƙe awo 30 ta fitar da matsakaici, kuma ka cika su, kada ka yi ganye uku ka ce ka gama. Kugu zai gaya maka.

Inda ta fi burge ni shi ne hana ni zuba taki. Auduga idan ta sha naitirojin fiye da kima sai ta yi ta tsawo da ganye, ƙwallo ya yi jinkirin fashewa, na ƙasa ya ruɓe a inuwa, darɓa ta samu wurin zama. Lokacin da aka fara fure hannuna na ƙaiƙayin ƙara buhu, awo ya nuna gonar daidai take da ma'auni, na haƙura.

Sai dai duk na'ura irin wannan kore kawai take gani. Ƙarancin sinadarin salfa a ƙasa ko ruwa da ya kwanta a gindi su ma suna sa ganye ya ɗashe, ita kuwa ba ta bambance su. Haka idan taki ya wuce misali, lambar tsayawa take yi, ba ta nuna maka yawan rarar. Gwajin ƙasa yana nan a matsayinsa.

Mai babbar gona, ko ƙungiyar manoma da za su riƙa karɓa-karɓa, ta cancanci saye. Mai 'yar gona kaɗan ya ara a wurin malamin gona daga fitowar kunnen fure, wato tohon da zai zama fure, zuwa tsakiyar lokacin fure, lokacin da auduga ta fi jan taki ke nan.