Gidan kallon Barnawa inda ake nuna ƙwallon Amurka

Gidajen kallon ƙwallo a Kaduna ba sa ƙirguwa, amma wanda ke nuna gasar NFL ta Amurka ni dai guda ɗaya na sani, a wani lungu na Barnawa. Rumfar kwano ce da bencina, talabijin biyu, janareto a baya. Ranar Lahadi da an tashi Firimiya, mai wurin, wanda samari ke kira Kawu, sai ya maida ƙaramar talabijin tashar ESPN. Wasannin farko ƙarfe 6 na yamma suke somawa a Satumba da Oktoba, daga Nuwamba kuma ƙarfe 7, saboda Amurka tana ja da agogonta baya. Kuɗin shiga ɗaya ne da na Firimiya, hoto kuma tas.

Amma abin da ya sa kuɗin nan bai yi mini ciwo ba shi ne bakin Kawu. Wasan yana da tsaye-tsaye, baƙo kan ƙosa tun kafin hutun rabin lokaci. Ƙungiya tana da dama huɗu ta ci yadi 10 gaba, in ta kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wani dare Detroit Lions sun kai dama ta huɗu, maimakon su buge ƙwallon nesa kamar yadda aka saba, sai suka sake jeruwa. Wani yaro ya miƙe ya ce, "Kawu, waɗannan ba su da hankali ne?" Kawu ya nuna gefen fili da ledar ruwan da ke hannunsa ya ce, "Zauna, ɗana. Bar kallon ƙwallo, kalli mutumin can mai abin magana a kunne. Shi ya ce a tafi." Kocin Detroit, Dan Campbell, yake nufi. A nan ya bayyana mana cewa akwai rediyo a hular kwanon mai jefa ƙwallo, daga gefe ake gaya masa dabarar da za a yi, sai saura daƙiƙa 15 a agogon da ke ƙirga lokacin sake fara wasa ake katse layin.

Kawu ya haddace labarin kociyoyi, kuma na bincika na tarar ba ya ƙari. Los Angeles Rams sun ci wasa 4 sun sha kashi 12 a kakar 2016. Suka ɗauko Sean McVay yana ɗan shekara 30, a 2017 suka ci 11. Mai jefa ƙwallonsu bai canza ba, Jared Goff ne, wanda a shekararsa ta farko ya fara wasa 7 bai ci ko ɗaya ba. Goff ɗin nan ne ya koma Detroit a 2021, shekarar da Campbell ya karɓi aiki. Kakar farko wasa 3 kacal suka ci, shugabanni suka yi haƙuri da shi, suka ci 9, suka ci 12, a 2024 suka ci 15. A Janairun 2024 suka yi nasarar farko a zagayen sili-ɗaya-ƙwale tun 1992. Dalilin da Kawu ke bayarwa ya gamsar da ni: a NFL akwai iyakar kuɗin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashin 'yan wasa, kuma wadda ta zo ƙarshe ita ke fara zaɓen sababbin matasa. Attajiri ba zai saye taurari ya tara kamar a Turai ba. Albashin koci kuwa ba ya cikin wannan iyaka, don haka nan ne mai wayo ke zuba kuɗinsa.

Inda muke saɓawa, Kawu yana maganar koci kamar shi kaɗai ke noma gonar. Gaskiya ne Washington ta tashi daga nasara 4 zuwa 12 a 2024 da zuwan Dan Quinn, amma ai tare suka zo da sabon mai jefa ƙwallo Jayden Daniels. Andy Reid ya ɗaga Kansas City daga nasara 2 zuwa 11 a 2013, kofi kuwa sai da mai jefa ƙwallo Patrick Mahomes ya zo. Ga kuma Urban Meyer, da duk sunan da ya yi wajen horar da ƙungiyoyin jami'o'i, Jacksonville ta sallame shi bayan wasa 13 a 2021. In ka kawo waɗannan, Kawu zai saurare ka har ƙarshe, wannan kam na yaba masa.

Wurin yana da nasa aibu. In Real Madrid ko Barcelona na da wasan dare, masu NFL ake turawa kusurwa a kashe musu murya, ga hayaƙin janareto yana shigowa ta wajen. Bencin ba shi da majingina, wasa kuma awa uku ne, ka zo da abin zama. A Satumba da Oktoba Magariba da Isha duk a cikin wasa suke faɗawa, amma masallaci na bakin layi.

Wasannin tsakar dare ba a nunawa, ban da Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofi, a Fabrairu, wanda ke somawa wajen 12:30 na dare. Shi ma sai an haɗa kuɗin mai tun da rana, don haka mai son zuwa ya sanar da Kawu da wuri.