Ƙwaƙwalwar roba mai rabuwa gida takwas, bayan wata uku a hannuna

Wata huɗu ke nan da Baba ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. Hannunsa na dama ya mutu, ƙafar ta yi nauyi, magana ta ɗauke, alhali duk abin da aka faɗa masa yana ganewa sarai. Likita ya ɗaga hoton ƙwaƙwalwarsa ya nuna mini wani tabo a ɓangaren hagu. Na gyaɗa kai kawai, amma na fito da tambaya a raina: ciwo yana hagu, me ya kai shi dama? Kuma ina ruwan hannu da magana?

Abin da ya sa ke nan na sayi ƙwaƙwalwar roba, irin wadda ɗaliban likitanci da na jinya ke karatu da ita. Girmanta kamar ta mutum, maganaɗisu ke riƙe da ita. Kowane ɓari ya kasu huɗu: sashen goshi haɗe da na tsakiyar kai, sashen gefen kunne haɗe da na ƙeya, rabin ƙaramar ƙwaƙwalwa, sai rabin kututturen da ke gangarawa zuwa laka. An ba kowane yanki launinsa, an zana jijiyoyin jini da ja.

Daren farko na ciro ɓarin hagu na ɗora a cinyata. Can ƙasan sashen goshi akwai wani ɗan wuri mai lamba, yankin Broca, sunan likitan Faransa da ya bayyana shi a 1861 bayan ya duba ƙwaƙwalwar wani majiyyaci da ke fahimtar zance amma ya kasa furta shi. Na ɗora yatsana a kai, na matsa baya kaɗan, sai ga zirin da ke ba gaɓoɓi umarnin motsi: baki da fuska a ƙasa, hannu a samansu. Maƙwabtan juna ne, kuma jan layi ɗaya ne ya yi rassa ya ratsa su, wato jijiya ɗaya ke shayar da su. Ita kuwa ƙafa wurinta yana can ƙololuwa, ya lanƙwasa cikin tsagin da ke tsakanin ɓarin biyu, wata jijiyar daban ke kai masa jini. Nan na gane dalilin da ƙafar Baba ta riga hannunsa farfaɗowa. Na daɗe zaune da abin a hannu, sai da hawaye suka zubo mini.

Wurin fahimtar magana, wanda Wernicke ɗan Jamus ya bayyana a 1874, yana baya, wajen saman kunne. Ciwon bai kai can ba. Tun daga ranar na hana kowa yin zancen Baba a gabansa kamar ba ya nan.

Ƙaramar ƙwaƙwalwa ma ta burge ni da siraran layukanta. Ga ta 'yar mitsitsiya a ƙarƙashin ƙeya, amma fiye da rabin ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86 da ke cikin ƙwaƙwalwa a nan suke, suna daidaita tafiya da tsayuwa.

Sai dai tambayata ta farko, wannan roba ba ta amsa ta ba, kuma wannan ne babban aibinta a wurina. Jijiyoyin motsi suna gittawa ne a ƙasan kututture, mafi yawan na hagu su koma dama, na dama su koma hagu, kafin su gangara cikin laka. To daidai wurin aka yanke samfurin. Ba alamar gittawar, ba ko guntun laka, balle jijiyoyi 31 da ke fita daga kowane gefenta. Sai mai yi wa Baba gashi ce ta harɗe yatsunta biyu ta nuna mini. Wanda zai koyi tsarin ƙwaƙwalwa da laka gaba ɗaya, wannan rabin darasi zai samu.

Lambobin sun yi ƙanana, takardar bayanin kuma sunaye ne zalla da Latin, ba a faɗi aikin komai ba. Maganaɗisun sashen kunne na hagu ba shi da ƙarfi, sau biyu yana faɗuwa har fentin ya ɓare. Launukan su ma suna da ruɗi. Ƙanina ya ɗauka kowane launi ɗaki ne mai ƙofarsa, sai da na yi ta nanata masa cewa magana kaɗai tana bukatar wurare da dama su yi aiki tare. Ta gaskiyar kuma laushi gare ta, nauyinta wajen kilo 1.4, wannan kuwa tauri ce da ita, ba nauyi.

Duk da haka ban yi da-na-sanin sayenta ba. In za ku saya, ku nemi mai zanen jijiyoyin jini, don su ne suka buɗe mini ido.

Makon jiya na miƙa wa Baba ɓarin hagu. Ya karɓa da hannunsa mai lafiya, ya jujjuya shi. Na ce, "Baba, nan ne," na nuna masa wurin. Ya dube shi da kyau, sannan ya ajiye, ya kai yatsa ya taɓa gefen kansa na hagu.