Sharhi kan antibodin pSer40 na tayirosin haidroksiles

Wannan antibodin (furotin da ke gane wani abu takamaimai ya manne masa) daga jikin zomo aka samo shi, an yi shi don ya kama enzayim ɗin tayirosin haidroksiles, wato TH, a lokacin da fosfet ke manne a gurbin Ser40 (serin na 40 a jerin amino asid ɗinta) kaɗai, abin da ake kira pSer40. TH ce ke mayar da tayirosin ya zama L-DOPA, kuma saurinta ne ke ƙayyade yawan dopamin. Idan PKA, enzayim mai manna fosfet a jikin furotin, ta manna fosfet a Ser40, dopamin ba ta iya taka wa enzayim ɗin birki kamar da.

A Western blot, gwajin da ake ware furotin bisa girma a jel sannan a nemo shi da antibodi, ya yi abin da aka saye shi dominsa. Mun loda maikirogiram 20 na furotin daga sitirayatom (wani sashe na ƙwaƙwalwa) na ɓera a jel na kashi 10, muka tsarma antibodin 1:1000, ya kwana a digiri 4. Layi guda ya fito tsaf a wajajen 60 kDa (ma'aunin nauyin furotin), daidai girman TH. Ƙwayoyin PC12 (ƙwayoyin ɓera da ake rainonsu a ɗakin gwaji) da aka ba forskolin, mai zuga PKA, 10 µM na minti 30 sun ba da layi mai kauri, samfurin da aka sa wa lambda fosfates, enzayim mai cire fosfet, kuwa fes, babu komai. Gwajin nan biyu su ne shaidar cewa fosfet yake gani, ba TH zalla ba.

Sai dai yana da tsirfa. Da aka toshe fatar PVDF (wadda ake kwafo furotin daga jel a kanta) da madara don kada antibodi ya manne barkatai, bango ya yi duhu, domin kesin ɗin madara shi ma yana ɗauke da fosfet. BSA (furotin na jinin shanu) kashi 5 cikin ruwan wanki na TBST ya fi. Babbar asara tana faruwa ne tun kafin a kai ga jel: da an cire ƙwaƙwalwa, enzayim ɗin PP2A ta fara kankare fosfet ɗin, ga shi dama abin da ke kan Ser40 kaɗan ne idan ba a zuga ƙwayoyin ba. A yanka a kan ƙanƙara cikin gaggawa, a sa NaF 50 mM, mai hana cire fosfet, a ruwan niƙa, in ba haka ba a ɗora wa antibodi laifin da ba nasa ba.

A fara neman pSer40 kafin a wanke fatar a nemi TH gaba ɗaya, sannan a lissafa ƙarfin layin pSer40 bisa na TH gaba ɗaya. A yankakken nama da aka jiƙa da fomalin haskensa ya yi rauni, ba mu gamsu ba. A kasa antibodin maikirolita goma-goma a ajiye a digiri -20, musamman inda wuta ke yawan ɗaukewa.