Tsohon littafin soyayya ko na waya?

Kullum sai an tambaye ni wanne ya fi, littattafan soyayya na shekarun 1990 ko na waya.

Kwanan nan na sake karanta wani tsoho mai sarƙaƙiya, takardunsa duk sun yi ja. Ƙullin sirrin ya hana ni barci, amma haƙurin jarumar da wulaƙanci ya ɓata min rai, ga ƙarshen a gaggauce. Samunsa ma aiki ne, sai an zaga Kasuwar Sabon Gari a Kano. Na waya yana tafin hannunki, sai dai kuɗin data, kuma marubuciya kan tsaya a tsakiyar labari.

Mai son daddaɗar Hausa da kammalallen labari ta nemi tsohon. Mai son labarin rayuwar yau cikin sauƙi, waya ta ishe ta.